Tiren Laraba

Gidan hayarmu na Fagge ɗaki bakwai ne,
tsofaffi biyar, sauran biyun ajiyar kaya.
'Ya'ya sun yi fiffike, wani Abuja, wani Dubai,
suna turo kuɗi ta waya.
Amma waya ba ta turo
wanda za ka ce wa miƙo mini gishiri.

Shekara nawa muna tura ƙyaure da magariba,
kowa da rishonsa, kowa da 'yar tukunyarsa,
muna shaƙar ƙamshin juna ta ƙasan ƙofa
ba mai cewa uffan.
Ladingo ce ta fasa ƙwan.
Wata Laraba ta dire tire a tsakar gida,
ta ce, "Ni dai na gaji da cin abinci da rediyo."

Tabarma biyu muka shimfiɗa, tamu da tasu,
tiren yana kai yana kawowa.

Ful ta dafa, irin na Sudan,
inda ta yi shekara sha ɗaya a hanyar Makka
tana wankau, tana tara guziri.
Wake ya kwana a ruwa, ga man riɗi, ga albasa,
ta murƙushe shi da gindin kwalbar lemo,
wai haka ake yi a Umdurman.
Muka ce to, mu da ba mu je ba.

Mako ya zagayo kan Tanimu, tsohon direban goro,
wanda in ya yi atishawa sai ya ce Kumasi.
Shinkafa da wake, ja wur da karan dafi,
da wani baƙin yaji mai warin kifi
da ya sa Baba Rasaki, mai kurin shan barkono,
rarrafawa wajen randa.

Kyauta ta yi shekara talatin a kicin ɗin Kwarori,
ta iya kibbe, alkama da niƙaƙƙen nama,
tana mulmulawa ido a rufe.
Ta ce duk shekarun nan a tsaye take ci, bayan an tashi.
Yanzu ita ke zaune, ita ke rabo,
wanda ya yi surutu ya samu ƙarami.

Ni abin da na tsira da shi daga masaƙar Bompai
sai tari da capati.
Wani Ba'indiye mai gyaran inji ya koya mini
a kan murfin gwangwani, lokacin hutun rana.
Tanimu ya ɗaga ta, ya leƙa fitila ta cikinta,
ya ce, "Wannan ai gurasa ce da ta yi jinya."
Ya ci huɗu.

Likita ya hana wannan gishiri, ya hana waccan sukari.
Haƙoranmu, in ka tara mu biyar,
ba su cika baki ɗaya ba.
Don haka komai sai ya dahu luguf,
hirar ma a hankali muke tauna ta.

Rasaki ya rasu ran Litinin, ga Laraba tasa ce.
Garin amala yana nan a bokitinsa, ya riga ya auna.
Ba wanda ya iya tuƙawa.
Ladingo ta gwada, ta kaɗa lalo yadda ta ga yana yi,
tuwon ya fito duk gudaji.
Ba mu rage ko loma ba.
Ba wanda ya yi tsiya a daren nan, har Tanimu.

An ba da ɗakinsa ga wata tsohuwa daga Abashe.
Sati uku ke nan, gaisuwa kawai, sai ta ja labule.
Ɗazu wani ƙamshi ya fito ta ƙasan ƙofarta,
kamar kuɓewa, kamar ba kuɓewa ba.
Kyauta ta dube ni, na dubi Ladingo.
Ladingo ta dafa gwiwa, ta miƙe da ƙyar,
ta goge tiren da gefen zani,
ta je tana ƙwanƙwasawa.